Aikin cikin gida ba sirri ba ne

Kalmar "in-house" ta zama ruwan dare a takardun ma'aikatun tarayya. Ma'anarta a fili take: aikin da hukuma ta gudanar da hannun ma'aikatanta, kamar horar da sababbin jami'ai, ba tare da ɗauko ɗan kwangila daga waje ba. Wanda ya yi aikin kawai take nunawa.

Sai dai a bakin wasu jami'ai ta rikiɗe ta zama labule. Dattijo zai taso daga Bolari a Gombe domin jin inda takardun fanshonsa suka maƙale, a sallame shi da cewa magana ce ta cikin gida.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukuma amsa buƙatar bayani cikin kwana 7, in kuma ta hana, ta faɗi dalili a rubuce. Dokar ta keɓe abubuwa irin su tsaron ƙasa, amma kasancewar aiki na cikin gida ba ya cikinsu.

Wajibi ne daraktoci da mataimakansu su mayar da kalmar muhallinta. Jami'in da ke fakewa da ita yau, gobe shi ma zai yi ritaya, ya tsaya da fayil a bakin ƙofa.