Musanyar Fadama Da Fuloti: Labarin Wani Ministan Istoniya

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu duk sa'ad da muka zauna hira a ɗakunan kwana, ko a gindin bishiya bayan an tashi daga lacca. Mukan ce, in da za a ba masu ilmi muƙami, kowa a fannin da ya karanta, da sata ta ƙare a ofisoshin Gwamnati. Maganar tana yi mana daɗi a kunne, domin mu ne masu ilmin da ake nufi. To, yau muna so mu ɗauko labarin wani Minista daga wata ƙasa mai nisa, mu auna wannan magana tamu da shi, mu ga ko za ta cika mudu.

Ƙasar ita ce Istoniya, can arewacin Turai a bakin Tekun Baltik, Rasha na gabas da ita, Latbiya na kudu. Mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da 'yan kai ba, kuma wajen rabin ƙasar duk daji ne. Tarayyar Sobiyat ta haɗiye ta a 1940, ta mai da gonaki da dazuzzuka mallakar hukuma. Da ta sake samun mulkin kai a 1991, sai aka shiga mayar wa jama'a filayen da aka ƙwace wa iyayensu da kakanninsu. Abin da bai sami mai shi ba ya zauna hannun Gwamnati. Hukumar Filaye, wadda ke riƙe da taswira da rajistar waɗannan filaye, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ne a zamanin da muke magana a kai. Watau Ministan Muhalli, ban da kula da tsuntsaye da itatuwa, shi ne ke zaune a bakin rumbun ƙasar.

Wanda ya daɗe a bakin wannan rumbu shi ne Villu Reiljan. An haife shi a 1953, ya yi karatun aikin gandun daji a birnin Tartu, ya kuma shugabanci makarantar koyon aikin daji da ke Luua kafin ya shiga siyasa. Ya riƙe Ma'aikatar Muhalli daga 1995 zuwa 1999, ya sake dawowa daga 2003 zuwa 2006. Daɗin daɗawa shi ne shugaban jam'iyyar mutanen karkara, wadda ake kira Haɗin Kan Jama'a, jam'iyyar da Arnold Rüütel ya fito daga cikinta ya zama Shugaban Ƙasa a 2001. In dai sanin aiki ake nema, lalle wannan mutum ya san aikinsa. Irinsa muke cewa a ba muƙami.

Ga yadda abin ya faru. Daga cikin filayen da aka mayar wa mutane akwai waɗanda suka faɗa cikin wuraren da doka ta keɓe don kare halittu, irin su dausayi da bakin teku da tsofaffin kurmi. Mai irin wannan fili ba shi da ikon sare itace ko yin gini yadda ya ga dama. Fili nasa ne a takarda, amma ba ya cin moriyarsa. Don a share wa irin waɗannan mutane hawaye, doka ta yarda mutum ya miƙa wa Gwamnati filinsa da aka keɓe, ita kuma ta ba shi wani daga cikin nata mai daraja daidai da shi. Wa zai ce wannan doka ba ta adalci ba ce? Mu ma da muna Majalisarsu da mun ɗaga hannu.

Amma fa duk nauyin dokar ya rataya ne a kan kalma guda, watau daraja. Wa zai yi wa fadamar kuɗi? Wa zai yi wa filin Gwamnati kuɗi? Takardar wa za a fara dubawa, kuma wane fuloti za a nuna masa? Duk waɗannan a cikin ofis ake yanke su, ba a bainar jama'a ba. A daidai waɗannan shekaru kuwa Istoniya ta shiga Tarayyar Turai, a 2004, bankuna suka buɗe bakin aljihu, gine-gine suka tashi, farashin fuloti a Tallin babban birnin ƙasar da kewayensa ya yi ta hauhawa. Masu ido da kuɗi suka gane hanya: ka sayi filin da aka keɓe da araha daga hannun wanda ya gaji da jira, ka kai shi ofis, ka fito da fuloti inda kowa ke rububin gini. Tsakanin abin da ka bayar da abin da ka karɓa, nan ribar take, kuma alƙalamin ma'aikaci ne ke faɗin girmanta.

A watan Oktoba na 2006 'yan sandan ciki na ƙasar suka fito da binciken da suke yi a fili, kuma cikin watan nan Reiljan ya sauka daga muƙaminsa. Shari'a ta ja. A 2009 aka same shi da laifin neman cin hanci a wata magana dabam, game da sayar da wani ginin Gwamnati a tsakiyar Tallin, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2010, abin da ya raba shi da kujerarsa ta Majalisa. Ita kuwa babbar shari'ar musanyar filaye, kotun farko ta wanke waɗanda ake tuhuma a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta soke wankewar a 2013, Kotun Ƙoli ta tabbatar da laifinsu a 2014. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai Kalev Kangur, tsohon shugaban Hukumar Filaye, da Ester Tuiksoo, tsohuwar Ministar Aikin Gona, da Toomas Annus, attajirin da ke bayan Merko, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin gine-gine na ƙasar. Jam'iyyar Reiljan ma ba ta sha ba. Tana da kujeru 13 cikin 101 a zaɓen 2003, ta koma 6 a 2007, a 2011 kuwa ko ɗaya ba ta samu ba.

Adalci ya sa mu faɗi abin da ke wajen waɗanda aka hukunta. Sun musanta laifin, sun kuma kai kuka Kotun Kare Hakkin Ɗan Adam ta Turai, wadda a 2019 ta ce an tauye musu hakki, domin takardun da suka ba da izinin sauraren maganganunsu a asirce ba su bayyana cikakken dalili ba. Wannan gaskiya ce, kuma ta nuna cewa mai farautar ɓarawo shi ma doka tana kansa. Sai dai hukuncin ya tsaya ne a kan yadda aka yi sauraren, bai ce musanyar filayen ta tafi daidai ba.

To, me muka gani cikin wannan labari? Abu na farko, ilmi bai tsare amana ba. Hasali ma wanda ya san daji ya fi kowa sanin wane fili ne banza, wane ne zinariya. Ilmi wuƙa ce, da ita ake fiɗa, da ita ake yanka. Muna yaudarar kanmu ne idan muka ɗauka cewa takardar digiri da za a miƙa mana za ta sa mu fi waɗanda muke zagi.

Abu na biyu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Ba a fasa taga ba, ba a balle kwaɗo ba. Kowace musanya tana da fayil, da taswira, da ƙiyasi, da sa hannu. Duk inda doka ta ba ofis ikon yi wa dukiyar jama'a kuɗi a bayan ƙofa, ɗan kasuwa zai zo ya ƙwanƙwasa wannan ƙofa, kuma ba mu ga laifin ƙuda ba in ya bi zuma. Masu iya magana sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar nan kuwa dokar ce da kanta ta bar ta. Mutanen Istoniya sun gane haka, shi ya sa daga baya suka daina musanyar, Gwamnati ta koma sayen filayen da aka keɓe da kuɗi. Sun hukunta mutane, sa'an nan suka toshe ramin.

Wani zai ce, ai wannan labari abin yabo ne ga Istoniya: Minista ya sauka, kotu ta yi aikinta, masu zaɓe sun juya wa jam'iyyarsa baya. Mun yarda, kuma ƙasar ta zo ta 12 cikin ƙasashe 180 a jerin ƙungiyar Transparency International na 2023, watau tana cikin waɗanda ake ganin cin hanci ya yi ƙaranci. Amma a dubi tsadar abin. Shekara takwas daga binciken zuwa hukuncin ƙarshe. Kotuna uku, ɗaya ta wanke, biyu suka kama. Idan ƙasa ƙarama mai rajista a kwamfuta da 'yan jarida masu bin diddigi ta sha wannan wahala kafin ta kama 'yan mutane kaɗan, ashe dogaro da kotu kaɗai kamar jiran likita ne bayan an sha guba. Rigakafi ya fi magani.

Wani kuma zai ce, to a hana 'yan kasuwa kusantar masu mulki mana. Wannan ba mai yiwuwa ba ne, kuma ba ma fatarsa. Gwamnati tana bukatar mai gini, mai gini yana bukatar fili. Abin da muke cewa shi ne su haɗu da rana tsaka. In za a rabu da filin jama'a, a yi shela, a yi gwanjonsa, kowa ya taya. In an yi ƙiyasi, a buga shi inda kowa zai karanta, da sunan wanda ya yi shi. Mai neman a biya shi diyya ya bi layi, layin kuma ya kasance a rubuce a bango. Minista da shugaban hukuma su bayyana abin da suka mallaka ran shiga da ran fita. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar waliyyi a kan kujera, kuma amfaninsu ke nan.

Mun san dalilin da ya sa wannan labari bai yi mana baƙunta ba. A Nijeriya ma, tun daga Dokar Filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna, kuma takardar mallakar fuloti sai ta bi ta teburori da yawa kafin ta fito. A kan waɗannan teburori za a zaunar da mu, wasunmu ma sun riga sun zauna. Minista ba ya auna fili da kansa. Safiyo ne ke aunawa, wani ƙaramin ma'aikaci ya rubuta ƙiyasi, wani ya ɗora fayil a sama ko ya tura shi ƙasa. Ranar da za a gwada mu ba za a zo mana da buhun kuɗi ba. Babba ne zai kira mu, ya tambayi lafiyar iyali, sa'an nan ya ce a ɗan sake duba lissafin nan, ai mutumin namu ne.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu, kafin wannan rana ta zo, mu saba da abu biyu. Kada mu sa hannu a kan ƙiyasin da ba za mu so a karanta shi a gaban jama'a da sunanmu a ƙasa ba. Kuma duk sa'ad da aka nemi shawararmu a kan wata sabuwar doka, komai kyan niyyarta, mu tambaya: wa zai yanke farashi, kuma wa zai gan shi yana yankewa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.