Waƙar Noma Ko Tallar Gwamnati?

'Yan uwa marubuta, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda muke rubuta waƙoƙin noma da yadda muke nazarinsu. Yawancin waɗanda za ka ɗauka jigonsu ɗaya ne: noma tushen arziki, a koma gona. Kai ka ce har yanzu muna yi wa shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo na 1976, ko na Shagari na 1980, talla ne. Manomin cikin waƙoƙin nan kullum cikin fara'a yake, bai san fari ba, bai san tsadar taki ba.

To, ina manomi na gaskiya? Shi ne maigidan da rumbunsa kan ƙare a tsakiyar damina, gero bai nuna ba, ga maimai na jira, ga bakuna goma a gida. Dole ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani don ya samo tuwon dare, ko ya ci bashin da zai biya da hatsi a kaka, sa'ad da ya fi araha. Ina matarsa mai sussuka da shiƙa da daka? Ina 'ya'yan gandu masu satar lokaci su duba gayaunarsu? Baiti nawa muka ba su?

Laifi na biyu namu ne, masu feɗe waƙa. Mukan ƙirga baitoci, mu gano kari da amsa-amo, mu ce ƙwar biyar ce, shi ke nan mu rufe littafi. Ba mu tambayar ko mai waƙar ya san bambancin firi da maimai. Hanyoyin nazarin da Dangambo da Gusau suka shimfiɗa mana sun ƙunshi warwarar jigo, kuma ba a warware jigon da ba a san rayuwarsa ba. Mai gangar noma a wurin gayya ya fi mu, domin cikin rana yake bin manoma kunya-kunya, abin da ya gani shi yake faɗa.

Wani zai ce waƙa ba rahoton malamin gona ba ce. Haka ne. Amma waƙar da ta yabi fartanya ta ɓoye yunwar mai riƙe da ita, ta ci amanarsa. Kafin mu ɗauki alƙalami, mu je ƙauye cikin watan Agusta, mu leƙa rumbu.

Allah Ya sa mu gane.