Suez a bakin masu Ingilishi: sunan gari da ya koma sunan ranar jin kunya

Duk mai bin labaran duniya da harshen Ingilishi ya sha cin karo da kalmar Suez a cikin labarin da babu jirgin ruwa ko ɗaya. Lokacin da sojojin Amurka suka fice daga Kabul a watan Agusta na 2021, masu sharhi sun riƙa tambaya ko wannan ne « Suez moment » na Amurka. A zamanin taƙaddamar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ma, an sha cewa rabon da ƙasar ta shiga irin wannan tsaka mai wuya tun Suez. Wanda bai san tarihin kalmar ba zai zaci wani abu ne ya faru a Masar.

Suez dai gari ne a bakin Bahar Maliya, Larabawa na kiransa Suwais. Daga gare shi mashigin ruwan da ya haɗa Bahar Maliya da Bahar Rum ya samo suna. An buɗe mashigin a watan Nuwamba na 1869 ƙarƙashin jagorancin Bafaranshe Ferdinand de Lesseps. A 1875, da bashi ya yi wa sarkin Masar Isma'il katutu, gwamnatin Birtaniya ta saye hannun jarinsa kan fam miliyan 4, domin ta nan ne hanyarta ta zuwa Indiya ta bi.

Ranar 26 ga Yuli 1956, shugaba Gamal Abdel Nasser ya mayar da kamfanin mashigin hannun gwamnatin Masar, bayan Amurka da Birtaniya sun janye alkawarin kuɗin gina madatsar ruwa ta Aswan. Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka ƙulla yarjejeniya a asirce a Sèvres, kusa da Paris. Isra'ila ta auka wa Sinai ranar 29 ga Oktoba, sauran biyun kuma suka shigo da sunan raba faɗa, suka sauke sojoji a Port Sa'id ranar 5 ga Nuwamba. Kashegari aka tsagaita wuta.

A fagen daga ba a ci su ba. Kuɗi ne ya tsayar da su. Darajar fam ta kama hanyar faɗuwa, shugaban Amurka Eisenhower kuma ya hana Birtaniya samun rance daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya sai ta janye. Kafin ƙarshen Disamba sojojin Birtaniya da Faransa sun kwashe nasu ya nasu, firaminista Anthony Eden kuma ya yi murabus a watan Janairu na 1957. Tun daga nan, idan mai Ingilishi ya ce Suez kawai, yana nufin ranar da babbar ƙasa ta gano a bainar jama'a cewa ƙarfinta bai kai bakinta ba.

Akwai magana ta biyu, « East of Suez », wato gabas da Suez. A siyasar Birtaniya tana nufin sansanonin soja da ƙasar ke riƙe da su daga Aden zuwa yankin Gulf har Singapo. A watan Janairu na 1968 gwamnatin Harold Wilson ta sanar za ta janye daga can kafin ƙarshen 1971, makonni kaɗan bayan an karya darajar fam. A Disamba 2016 Boris Johnson, yana ministan harkokin waje, ya shelanta a Bahrain cewa Birtaniya ta dawo gabas da Suez, aka kuma buɗe sansanin sojan ruwa a can a 2018.

Mu da muka yi karatu da Faransanci mun san kalmar da wata fuska. Ga Bafaranshe na yau, Suez galibi sunan kamfanin ruwan famfo da kwashe shara ne, wanda ya gaji sunan tsohon kamfanin mashigin. Darasin da ƙasashen biyu suka ɗauka ma ya bambanta. Landan ta ƙudura ba za ta sake yin nisa da Washington ba. Paris kuwa ta yanke cewa wanda ya dogara da bazar wani zai sha rana: ta sa hannu kan yarjejeniyar Roma a Maris 1957, ta gwada bam ɗin nukiliyarta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a Fabrairu 1960. Su kuwa Misirawa, abin da suke kiran yaƙin shi ne harin zalunci na ƙasashe uku, kuma a wurinsu nasara ce.

Shi kansa mashigin bai daina ba da labari ba. Kusan kashi 12 cikin 100 na cinikin duniya ta nan yake bi a lokacin zaman lafiya. Tun da ƴan Houthi na Yaman suka fara kai wa jirage hari a Nuwamba 2023, manyan kamfanoni suka koma zagayawa ta Afirka ta Kudu, da ƙarin kwana goma ko fiye. Kuɗin shigar mashigin ya faɗo daga sama da dala biliyan 10 a 2023 zuwa kimanin biliyan 4 a 2024. Amurka ce ta jagoranci luguden wuta kan ƴan Houthi a Janairu 2024, Birtaniya tana mara mata baya.

Don haka duk lokacin da mai karatu ya ji an ce wata ƙasa ta gamu da nata Suez, ya yi tambaya guda: wa ke riƙe da jakar kuɗinta? A 1956 amsar a fili take, Amurka ce. A Kabul, Amurka ta sha kunya, amma babu wanda ya iya rufe mata famfon dala, shi ya sa kwatancin ya yi rauni. Ja da baya a fagen yaƙi abu ne da ƙasa ke iya farfaɗowa daga gare shi cikin shekaru kaɗan. Birtaniya kuwa, shekara 3 da ƴan watanni bayan Port Sa'id, firaministanta Harold Macmillan yana Cape Town yana shaida wa duniya cewa zamanin mulkin mallaka a Afirka ya zo ƙarshe.