Ɗinki ya shigo manhaja: wa zai koyar da shi a Fagge?

A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja wadda ta taƙaita darussan sana'a zuwa shida, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne zanen tufafi da ɗinki. A wasu garuruwan wannan labarin takarda ne kawai. A Fagge kuwa magana ce da ta shigo har cikin gidajenmu, domin da wuya a sami aji a makarantunmu da babu ɗan tela, ko ƙanen tela, ko yaron shago a cikinsa. Kantin Kwari yana cikin ƙaramar hukumarmu, haka ma kasuwar Sabon Gari, kuma duk wanda ya ratsa lungunan Fagge a goman ƙarshe na azumi ya san ƙarar kekuna ba ta yankewa har asuba. Saboda haka ya kamata reshenmu ya tsayar da matsaya tun abin bai kankama ba, kada a wayi gari an ɗora wa malamai kayan da ba a tanadar musu gammonsa ba.

Muna maraba da darasin, kuma muna da dalili. Tufafi ne suka fitar da sunan Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo a 1851, ya rubuta cewa saƙar Kano da rininta suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, kuma Fagge ita ce masaukin fataken da ke ɗaukar irin waɗannan kaya su ƙetara Sahara. Wani abin da ya fi kusa da mu shi ne, a da can malamai ne ke zana aikin babbar riga, su fitar da aska biyu ko aska takwas da tambari da gidan biyar, sannan a bi zanen da allura da zaren tsamiya ko alharini. Har gobe ana ganin almajirai suna ɗinkin hula tsakanin karatun safe da na yamma. Ke nan alƙalami da allura sun daɗe a hannu ɗaya a ƙasar nan. Makarantar boko ce ta raba su.

Sai dai mun taɓa ganin irin wannan alkawari. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an shigo da injunan koyon fasaha daga ƙasashen Gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu. Manyanmu a wannan aiki suna tuna yadda da yawa daga cikinsu suka yi tsatsa a akwatunan da suka zo ciki, saboda babu ɗakin gwaji, babu wuta, babu wanda aka horar ya kunna su. A 2011 aka sake fito da manhajar babbar sakandare mai sana'o'i 34, har da ɗinki da rini da dukanci, aka fara zana jarrabawarsu a 2014. Me ya biyo baya? Makarantu da dama suka zaɓi sana'ar da za a iya koyarwa da alli kaɗai, aka miƙa ta ga duk malamin da jadawalinsa ke da gurbi. Ɗalibi ya haddace sunayen sassan keke, ya ci jarrabawa, bai taɓa zura zare a allura ba.

Masu tsara manufofi suna ɗaukar ɗinki abu ɗaya ne, wanda duk mai keke zai iya. Telan Fagge ya san ba haka ba ne, musamman idan aka zo ga aikin wuya da surfani, inda ribar take. Kowane yadi da halinsa. Shadda mai tauri ce da sheƙi. Idan allura ta huda ta, ramin yana nan, don haka wanda ya yi kuskure ya farke aiki ya bar tabo a gaban rigar da aka sayi yadinta da tsada. Mayafi mai shara-shara kuwa tattarewa yake yi idan aka cika masa zare, sai an ɗame shi sosai a cikin zobe, an sa masa abin tallafi a baya, an zaɓi siririyar allura, sannan an rage yawan ɗinkin. Yadi mai talewa, irin na rigunan wasanni, yana son allura mai dakusasshen baki wadda za ta ratsa tsakanin zaruruwa ba tare da ta tsinka su ba. Fata tana da tata allurar mai kaifi, kuma idan ɗinkin ya yi kusa da juna ƙwarai sai ta yage a kan layin, kamar takardar rasit. Sannan akwai daidaita ƙarfin zaren sama da na kwarkwaro: idan ɗaya ya rinjayi ɗaya, ko dai zaren ƙasa ya leƙo fuskar aiki, ko kuma bayan ya cukurkuɗe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a iya koya daga allo. Sai yaro ya ɓata ƙyalle goma kafin hannunsa ya faɗa, kuma wani ne zai biya kuɗin ƙyallayen nan. Mun san wanda ya saba biya: malamin aji, daga albashinsa.

Sana'ar kanta ma tana sauyawa a gaban idonmu. Da farko aikin hannu ne, wanda riga ɗaya kan ci makonni ko watanni. Sai aka sami keken aiki, irin su Tinko, inda tela ke juya yadi da hannunsa yana bin zane, gwaninta tana ga idonsa da wuyan hannunsa. Yanzu kuma ga injin kwamfuta mai kawuna da yawa, wanda ke fitar da aiki iri ɗaya a kan riguna da dama a lokaci guda. A wannan injin aikin ya rabu gida biyu. Akwai wanda ke zama gaban kwamfuta ya mai da zane ya zama umarnin ɗinki: ya ƙayyade inda allura za ta fara, da tsawon kowane taku, da kusurwar da zare zai kwanta, da jerin launuka, sannan ya sa a filash. Akwai kuma wanda ke tsaye gaban injin yana ɗame yadi, yana ɗaura zaren da ya tsinke. Na farkon shi ne mai sana'a a hannu. Na biyun ana iya maye gurbinsa da wani yaron a cikin mako guda.

A nan ne makaranta take da abin da shago ba shi da shi. Mai zanen kwamfuta yana bukatar awo da kusurwa da daidaiton ɓangarori, wato lissafin da muke koyarwa yara suna hamma. Yana bukatar sanin kwamfuta, da Turancin da zai karanta umarnin manhajarta. Idan darasin ɗinki ya tsaya ga fitar da masu jiran inji, gara a bar yaran a shagunan iyayensu, can ma za su fi saurin koyo. Idan kuwa za a haɗa shi da lissafi da zane da kwamfuta, to ɗan Fagge zai iya zama wanda ake kawo wa aiki daga Kaduna da Maraɗi. Muna kuma ganin ya dace a fara da zanen gida. Yaron da ya zana aska takwas da hannunsa, ya gane yadda aka auna ta, ya fi wanda ya sauko da furen wata ƙasa daga intanet ya manna a wuyan kaftani.

To wa zai koyar? Ra'ayinmu shi ne a haɗa hannu biyu. Malamin da ke da horon koyarwa da rajistar TRCN shi ne zai riƙe aji, ya tsara darasi, ya auna ɗalibai. Gwanin tela daga unguwa kuma ya shigo a matsayin mai horarwa, da takardar yarjejeniya da alawus tsayayye daga hukuma, ba roƙon alfarma ba. Wasu abokan aikinmu suna fargabar wannan zai buɗe ƙofar cika makarantu da marasa takardar koyarwa, kuma fargabar tana kan hanya, domin mun sha ganin an fake da wani uzuri an ƙi ɗaukar ƙwararru. Maganinta shi ne a rubuta iyakar aikin kowa tun farko, kuma a bi ta hanyar da ke akwai: hukumar NBTE tana da tsarin tantance gwanintar masu sana'ar da suka koya a wajen makaranta, ta ba su shaida. Su kuma malamanmu na tattalin gida da na fasaha a tura su horo na gaske a wurare irin su kwalejin horar da malaman fasaha ta tarayya da ke Bichi, da cikakken albashi, ba bitar kwana biyu a otal ba.

Akwai wata matsalar da ba ta cikin manhaja amma tana cikin aji. Yaranmu maza sun ɗauki duk darasin da ya shafi allura na mata ne, alhali shagunan da suke wucewa kullum maza ne cike da su. 'Yan mata kuma akan tsayar da su ga zanen gado da rigar matashi, a hana su kusantar babban inji. Dukkan biyun asara ce. Yarinyar da ta iya zanen kwamfuta tana iya yin aikinta daga ɗakinta, ta aika wa mai inji ta waya.

Ga iyaye kuma, waɗanda da yawansu ke karanta wannan mujalla tare da mu, muna da ƙorafi ɗaya. Duk shekara idan Sallah ta gabato, rajistarmu takan nuna gurabe: yara sun kwana a shago suna guga da datse zare, sun kasa zuwa aji, ko sun zo suna gyangyaɗi. Ba mu raina taimakon gida ba, amma shigowar ɗinki manhaja ba izini ba ne na cire yaro daga karatu. Telan da bai iya karanta awo da lissafin riba ba, yaron wani zai zauna har ya tsufa.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, don haka akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Abin da muke so shugabannin reshe su kai wa uwar ƙungiya ta jiha ba shi da yawa. Kada a fara da kwangilar manyan injuna a makarantun da wuta ba ta isa ba. A fara da allura da zobe da keken ƙafa, wanda kowane makanikin Sabon Gari zai iya gyarawa. Injin kwamfuta kuwa a ajiye shi a cibiya ɗaya mai wutar sola, makarantun ƙaramar hukumar su riƙa zuwa bi da bi. A ware kuɗin yadi da zare a kasafin kowane zango, a rubuce. Kada kuma a tilasta wa wani malami darasin da ba a horar da shi a kai ba, sannan a tuhume shi idan sakamako ya fito. Za mu gabatar da waɗannan a taron reshe mai zuwa, kuma muna roƙon duk malamin da ya iya ɗinki, ko yake da tela a gidansa, ya ba wakilin makarantarsa sunansa kafin ranar, domin mu san yawan hannun da muke da shi.