Sharhi: Amfani da Illar Ziyartar Baje Kolin Zane-zanen Zamani

Wannan sharhi zai dubi baje kolin zane-zanen zamani, wato kasuwa ta 'yan kwanaki inda gidajen da ke dillancin ayyukan fasaha kan kama rumfuna su nuna zane da sassaƙa da hotunan masu fasahar wannan zamani, domin jama'a su kalla, masu hali kuma su saya. Mafi shahara a Nijeriya shi ne ART X Lagos, wanda Tokini Peterside ta kafa a 2016, ake kuma gudanar da shi a Legas cikin watan Nuwamba.

Babban amfanin irin wannan ziyara shi ne buɗe ido, domin a zagaye ɗaya mai kallo yakan ga ayyukan ƙasashe da dama, ya kuma zanta da masu su baki da baki. Ɗalibin fasaha zai fahimci cewa Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fage, tun da a Zariya ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, bisa ra'ayin haɗa dabarun da aka koyo daga Turai da adon gargajiya na gida, ra'ayin da har yanzu ake ganin tasirinsa a rumfunan Legas. Baduku ko marini ko maɗinkin hula daga Zamfara kuwa zai koyi abin da kasuwar ƙauye ba ta koyarwa: yadda ake rubuta sunan mai aiki da shekarar da ya yi shi, da yadda ake adana shi, da yadda ake yanka masa farashi. Tarihin Ladi Kwali, maginiyar tukwane da hotonta ke jikin takardar naira 20, shaida ce cewa sana'ar hannu kan ɗaukaka idan ta sami inda za a nuna ta da mutunci.

Sai dai illolin ma ba ƙanana ba ne. Na farko shi ne tsada, domin kuɗin mota daga Gusau zuwa Legas, da masauki, da tikitin shiga, sun fi ƙarfin yawancin masu sana'a, ga kuma fargabar tsaro a hanyar Tsafe zuwa Funtuwa. Na biyu, taron kasuwa ne kafin ya zama makaranta, saboda haka abin da attajirai ke so shi ne ke samun rumfa, kuma matashin da ya ji cewa an sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu a gwanjon Landan a 2018 kan fiye da fam miliyan 1 yana iya ɗaukar farashi a matsayin ma'aunin kyau, ya watsar da zayyanar allo da adon gini na gidansu ya koma kwaikwayo. Na uku, akwai sassaƙen siffofin masu rai da hotunan tsiraici waɗanda Musulmi da yawa ba za su aminta da su ba, wanda ya sa ya dace mai ziyara ya san abin da zai tarar.

Akwai kuma darasin da ya shafi Bungudu kai tsaye. An daɗe ana haƙe tsofaffin mutum-mutumin yumɓu daga yankunan Katsina da Sakkwato da kewayen dutsen Kwatarkwashi da ke yankin Bungudu ana fitar da su ta ɓarauniyar hanya zuwa kasuwannin Turai, abin da ke nuna cewa wanda bai san darajar kayansa ba, wani ne zai ci ribarsu.

Saboda haka ziyarar tana da amfani ga wanda ya tafi da manufa, ya tambaya, ya rubuta, ya dawo ya koyar. Abin da ya fi wannan dorewa shi ne hukumar al'adu ta jiha da Jami'ar Tarayya ta Gusau da masarautu su haɗa kai wajen shirya baje koli na shekara-shekara a Gusau, inda za a nuna aikin dukawa da masaƙa da masu zayyana da matasa masu zane, kowane da sunan mai shi da farashinsa.