Rawar Kwantira Ba Ta Buƙatar Ƙamus Na Dole

A zaurukan taro na garuruwan Niyu Ingila, a arewa maso gabashin Amurka, ana yin wata rawa mai suna kwantira. Masu rawa kan jeru a dogayen sahu biyu, kowa da abokin rawarsa, makaɗa suna saman zaure, mai kira kuma yana faɗin kowane motsi kafin lokacinsa ya yi. Kiɗan yana da bugu 64 a kowane zagaye. Da zarar zagaye ya cika, kowane mutum biyu za su rabu da maƙwabtansu su tarar da sababbi: masu lamba ɗaya su gangara ƙasan zaure, masu lamba biyu su hau sama. Wannan matsawa ita ce ke sa baƙon da ya shigo bai san kowa ba ya yi rawa da duk mutanen sahu.

Hanyoyin matsawar suna da yawa. A tsofaffin raye-raye irin su Chorus Jig, masu lamba ɗaya kan bi tsakiya su sauka, su dawo, su kewaye masu lamba biyu su tsaya ƙasa da su. A na zamani ana iya gilma wa maƙwabci kafaɗar dama da kafaɗar dama, ko abokai su ɗaga hannun da suka riƙe, ɗaya ya bi ta ƙarƙashi, su juya su fuskanci sababbin mutane. A tsarin Beket, wanda ya samo suna daga rawar da Herbie Gaudreau ya tsara a 1958, abokai suna tsayawa gefe guda, galibi su zame hagu. Akwai ma raye-rayen da ake matsawa sau biyu a zagaye ɗaya.

Yawan hanyoyi ya haifar da yawan lafazi, har mai kira ɗaya ya ambaci motsi da wata kalma, na garin gaba ya ambace shi da wata. Don haka wasu ke ganin a tsayar da suna guda ga kowane motsi, kowa ya bi. Hujjarsu tana da ƙarfi: wanda ya saba da kalma ɗaya yakan yi tuntuɓe idan ya ji wata, kuma jinkirin bugu biyu a wurin matsawa yakan rikita sahu gaba ɗaya.

Amma an riga an ga inda wannan hanya take kaiwa. Rawar murabba'i ta zamani, 'yar'uwar kwantira, ta samu ƙungiyar masu kira mai suna Callerlab a 1974, wadda ta tsara jerin sunaye da ma'anoninsu. An samu daidaito, sai dai babban matakinta na gama-gari ya ƙunshi kira fiye da 60, kuma sabon shiga yakan shafe watanni a aji kafin ya tsaya a fili. A kwantira kuwa, ana bi da mutane cikin kowace rawa a hankali kafin kiɗa ya tashi, wanda ya zo yau ya yi rawa yau. Ƙamus na dole zai mayar da zauren makaranta, ya raba mutane gida biyu: masu hadda da 'yan kallo.

Inda sahu ya rikice, laifin yana wuyan mai kiran da bai nuna wurin matsawa ba lokacin koyarwa. Aikinsa ne ya tsayar da mutane a daidai wannan gaɓa, ya sa kowa ya dubi sababbin maƙwabtansa ido da ido, ya gaya wa waɗanda suka kai ƙarshen sahu cewa za su jira zagaye ɗaya su dawo da sabuwar lamba. Sannan idan kiɗa ya kama, ya faɗi wa za a nufa da gefen da za a bi, tun kafin bugun ya iso. Wanda ya yi haka, kowane suna ya ba motsin, mutanensa za su isa kan lokaci. Wanda ya kasa, ko ya haddace ƙamus, sahunsa zai watse a zagaye na biyu.