Zauren Iyali: Yadda Ake Ƙulla Sarƙar Kacici-kacici a Waya

 

Dogon hutun lekol a Douala yana faɗowa ne a tsakiyar damina. Daga watan Yuni zuwa farkon Satumba yara suna gida, a Yuli da Agusta kuwa ruwa kan kwana ya yini, lungunan New Bell su cika, filin ƙwallo ya zama tafki. Yaron da aka taso daga makarantar allo da hantsi ba shi da wurin zuwa sai wayar yayansa, ko kuma bakin shagunan cacar ƙwallo da suka yawaita a kan tituna. Faɗa da ƙwace waya ba su magance komai ba. Shawararmu ita ce a shiga wayar nan tare da su, a shirya musu wasan da zai sa su yi lissafi, su karanta ajami, su je gaban tsofaffi su yi tambaya cikin harshen Hausa.

Wasan da muke nufi shi ne sarƙar tambayoyi masu ɗaure da juna: amsar ta farko ita ce mabuɗin ta biyu, ta biyu ta buɗe ta uku, har a kai ga akwatin ƙarshe. A Japan, tun daga 2007 a birnin Kyoto, aka mayar da irin wannan sana'a, a rufe mutane a ɗaki su yi ta warware kulle-kulle har su fita. To, amma kayan aikin ba baƙi ba ne a wurinmu. Kakanninmu mata sun raine mu da kacici-kacici bayan sallar Isha'i. Malamanmu na Sakkwato sukan ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin kalma guda, wato ramzi. Sannan ga Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina, wanda ya rubuta littafi a kan hatimin lissafi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Har yau masu tarihin ilimin lissafi suna ambatonsa saboda hanyoyin da ya bayyana na cika hatimi mai gidaje mara, kamar uku-uku da biyar-biyar.

Mai shirya wasa daga ƙarshe yake farawa. Ya fara sanin abin da zai buɗe akwatin, sa'an nan ya dawo baya yana rarraba shi. Ga misali. A sayo kwaɗo mai lamba uku a kasuwa, a saita shi a kan 114, adadin surorin Alƙur'ani mai girma, a rufe akwatin da ke ɗauke da dabino da alƙaluma da littattafan rubutu. Sai a raba 114 gida uku: 15 da 63 da 36. Kowace lamba tana da tambayarta da wurinta.

Mataki na farko saƙon murya ne ta WhatsApp, wata tsohuwa ta yi wa yara kacici-kacici wanda amsarsa ke nuna wurin da za su je, a ce shagon tela. A can sai su tarar da ɗan tambarin nan mai murabba'i, wato QR, manne a bango. (Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro shi a 1994 domin bin sawun kayan gyaran mota, yau kowa na iya yin nasa kyauta a intanet.) Da an haska shi da waya sai hoton hatimi mai gida tara ya fito, an rubuta 4 da 9 a layin sama, 5 a tsakiya, sauran gidaje babu komai. Aikinsu su cika shi da lambobi daga 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Jimlar 15 ce. Yaron da ya lura cewa 1 zuwa 9 in an haɗa su 45 ne, layuka kuma uku, zai gano ta kafin ya cika gida ko ɗaya, kuma irin wannan yaro ake so wasan ya fito da shi fili.

Lambar 15 ita ce kalmar sirri da za ta buɗe takarda ta biyu. A cikinta an rubuta sunan Sayyidina Bilal da haruffan Larabci, an ce a fitar da ƙimarsa da hisabin abajada: ba 2, lam 30, alif 1, lam 30, jimla 63. A nan muna so mu ɗan dakata, domin nan ne masu shirya irin wannan wasa suka fi faɗawa rami. Abajada iri biyu ce. Akwai ta mutanen Gabas, wadda ita ce akasari ake samu a intanet, akwai kuma ta Magrib, wadda malamanmu na zaure suka gada. Sun yi tarayya a yawancin haruffa, sun saɓa a shida. A Gabas sin 60 ne, shin 300, gain 1000. A Magrib kuwa sin 300 ne, gain 900, shin 1000. Shi ya sa ramzin waƙoƙin zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u yake yawan ɗauke da shin da ra, domin su biyun ne 1200, ƙarnin da suka yi rubutu a cikinsa bisa lissafin Hijira. Yanzu da a ce kalmar "salam" aka zaɓa, yaron da ya duba waya zai kawo 131, wanda ya tambayi kakansa zai kawo 371. Dukansu sun yi daidai, amma na'ura ɗaya kaɗai za ta karɓa, kuma wanda za ta ƙi shi ne wanda ya je wurin kakan. Mun zaɓi Bilal ne domin haruffansa ba su da saɓani. Sai dai a faɗa wa yara ɓaro-ɓaro cewa wannan lissafi ne kawai irin na ƙidaya, ba duba ba ne, ba kuma neman sanin gaibu ba.

Haka zancen yake ga ayoyi. Kada a tambayi adadin ayoyin sura ba tare da an ambaci ruwaya ba. Suratul Baƙara ayoyi 286 ce a mushafin Hafs, 285 a ƙidayar Madina wadda mushafin Warsh ke bi, ga shi kuma a unguwanninmu ana karatu da duka biyun. Jerin surori kuwa ɗaya ne a ko'ina, saboda haka tambaya ta uku ta zama: Yasin sura ta nawa ce? Amsa 36. Idan yara suka haɗa 15 da 63 da 36 suka ga 114, su da kansu za su san sun dace, ba sai an gaya musu ba. Amma tun da yaro mai wayo zai iya cankar 114 tun daga farko, sai a ajiye kati a kowane wuri, a ce ba mai taɓa kwaɗo sai ya kawo katunan uku.

Za ku lura duk amsoshin lambobi ne. Dalili shi ne na'ura ba ta da uzuri. Yaranmu suna rubuta Ousmanou a lekol, Usman a gida. Wannan ya rubuta Haoussa, wancan Hausa. Wayoyi da yawa kuma ba a saita musu ƙ da ɗ da ɓ ba. Harafi ɗaya ya kauce, ƙofa ta ƙi buɗuwa, yaro ya ɗauka shi ne bai iya ba. Lamba ba ta da wannan rigima.

Game da kayan aiki, hanya biyu ce mai sauƙi. Google Forms yana ba da damar a raba tambayoyi shafi-shafi, a hana wucewa sai an rubuta amsar da aka saita; amma yana bukatar intanet a kowane mataki. Mu mun fi son ta biyu: takardun PDF masu kalmar sirri, a tura su duka cikin waya tun da safe, a yi cajin wayar. Ko wuta ta ɗauke, ko kiredi ya ƙare, wasa bai tsaya ba.

Aibin sarƙa shi ne idan zobe ɗaya ya maƙale, duk an tsaya. Maganin wannan ma yana cikin al'adarmu: a kacici-kacici wanda ya kasa sai ya ba da gari a faɗa masa amsa. To, a ba kowace ƙungiya garuruwa uku a rubuce, a ce Garwa da Ngaundere da Kano. Duk sa'ad da suka maƙale sai su ba alƙalin wasa gari ɗaya ya ɗan haska musu hanya, ba ya faɗi amsa ba. A ƙarshe wanda ya buɗe akwati da sauran garuruwa a hannunsa ya fi wanda ya riga shi amma ya sayar da duka. Wannan yana rage gudu, kuma rage gudu a titunan da bensikin ke wucewa ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda yake son ya tsawaita sarƙar, to ya sa zobe guda da waya ba za ta iya amsawa ba. Tarihin New Bell a rubuce yake: Jamusawa ne suka shata ta lokacin da suka ƙudura tayar da mutane daga bakin kogin Wouri, rikicin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914. Wannan kowa zai samu a intanet. Amma daga wane gari kakan wane ya zo, ta wace hanya, da fataucin goro ko na shanu ko da ɗinki, wa ya fara limanci a masallacin lungu, waɗannan suna bakin dattawa ne kaɗai. A nemi izinin dattijo guda, a zaunar da shi a ƙofar gidansa, a ce ba za a ba da kati ba sai yara sun gaishe shi yadda ya kamata, sun yi tambayar da Hausa, sun ɗauki amsar a murya.

Sauran sharuɗɗa kaɗan ne. Ƙungiya kada ta wuce yara biyar, waya ɗaya a hannun babba, 'yan mata da ƙungiyarsu da malamarsu. A tsaya cikin lungu biyu ko uku, ba tsallaka babban titi. A fara bayan La'asar a gama kafin kiran Magariba. Ba kuɗin shiga, domin da zarar an biya don a ci kyauta an kusanci caca. Kada a rubuta aya ko sunan Allah a takardar da za a manna a bango inda ruwa zai jefar da ita cikin kwata. Kada kuma a tattara lambobin yara ko a watsa hotunansu. Kafin ranar wasa a gwada sarƙar duka da yara biyu waɗanda ba su san komai a kanta ba, mai shiryawa ya yi shiru yana kallo. Inda suka daɗe fiye da minti goma, tambayar ce ke bukatar gyara.

Malaman Islamiyya da ke da kacici-kacici na tsofaffi, ko wata kalma ta abajada da ba ta da saɓani tsakanin Gabas da Magrib, su miƙa wa masu kula da wannan mujalla bayan sallar Juma'a, mu tara su kafin hutu.